Daga ciwon maƙogwaro zuwa ciwon zuciya: nazarin lamarin wata yarinya a Rigasa

Yarinyar da gidansu

Yarinyar 'yar Rigasa ce, a ƙaramar hukumar Igabi, yamma da garin Kaduna. Shekararta 9 lokacin da ciwon ya fara a ƙarshen 2021, tana aji huɗu na firamare, da yamma kuma tana zuwa Islamiyya. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinta yana tuƙa Keke Napep na wani, kullum sai ya haɗa balas kafin ya ga nasa. Mahaifiyarta tana suyar awara a ƙofar gida. Gidan haya suke, ciki da falo, mutum takwas har da kakarta ta wajen uba. Yaran duka a falo suke kwana, kuma da hunturu ya kama ake toshe tagar da kwali saboda ƙura da sanyi.

An haife ta lafiya, ta kammala rigakafin jarirai, ba ta taɓa kwanciya a asibiti ba. Ciwon zuciyar yara iri biyu ne manya. Akwai wanda ake haihuwar yaro da shi, kamar huda a bangon da ya raba ɗakunan zuciya, wanda ke samun kusan jariri 1 cikin 100. Akwai kuma wanda ke kama zuciyar da aka haifa lafiya, kuma a ƙasashe irin tamu mafi yawansa yana biyo bayan zazzaɓin rumatik ne, wani ciwo da kan taso bayan ciwon maƙogwaro. Nata na biyun ne.

Disamba 2021: maƙogwaro

A tsakiyar watan ta tashi da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, haɗiyar yawu ma da ƙyar. Kaluluwa ta fito mata a ƙarƙashin muƙamuƙi. Ba ta tari, hancinta kuma ba ya zuba. Mahaifiyar ta je kyamis ta faɗi abin da ke damun yarinyar, aka ba ta farasitamol, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da kafso na amoksisilin guda shida, daidai kuɗin da ke hannunta. Kakar ta haɗa mata zuma da citta da lemon tsami, ta kuma so a kira wanzami ya duba ko beli ne. Kafin a kai ga haka ciwon ya lafa. Cikin kwana biyar yarinyar ta koma makaranta.

Babu wanda ya leƙa maƙogwaron da fitila. Maganin ƙwayar cuta na kwana biyu ta sha, alhali irin wannan ciwon kwana 10 cur yake buƙata.

Janairu 2022: ciwon da ke yawo a gaɓɓai

Kusan mako uku bayan haka gwiwarta ta dama ta kumbura, ta yi zafi, ko zani ba ta son ya taɓa wurin. Bayan kwana biyu gwiwar ta saki, idon sawun hagu ya ɗauka, daga nan wuyan hannu. Zazzaɓi ya dawo. A gida aka ce sanyi ne ya shige ta, aka riƙa gasa mata da ruwan zafi ana shafa man zafi.

Da abin ya ƙi, aka kai ta wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Gwajin Widal ya nuna abin da aka fassara da taifot, aka yi mata allurai na kwana uku, aka haɗa ta da ibufurofen. An duba rukunin jininta saboda zargin sikila, ya fito AS. Cikin kwana biyu ciwon gaɓɓan ya ɗauke kamar ba a yi ba. Iyayen suka fito da bayani biyu, taifot da "ɗan guntun sikila", suka riƙe su har kusan shekara.

Dukansu biyun ba su bayyana ciwon ba. Gwajin Widal guda ɗaya yakan fito da alama ga mutane da yawa da ba su da taifot a wuraren da cutar ta yawaita. Mai AS kuma ba ya kumburin gaɓɓai irin na mai SS. Ciwon da ke tashi daga babbar gaɓa ya koma wata, ya kuma ɓace da zarar an sha asfirin ko ibufurofen, a jikin yaro mai shekara 5 zuwa 15, alama ce sananniya ta zazzaɓin rumatik. A wannan zuwan ba a saurari ƙirjinta ba, ba a kuma tambayi ko ta yi ciwon maƙogwaro ba.

Afrilu zuwa Yuli 2022: fizge-fizge

Cikin azumi mahaifiyar ta lura kofi yana suɓuce wa yarinyar. Rubutunta ya lalace har malaminta ya yi mata faɗa. Sai kafaɗa ta fara ɗagawa da kanta, yatsu suna motsi, fuska tana yamutsewa, harshe ba ya tsayawa wuri guda. Takan fashe da kuka ba dalili. Idan ta yi barci komai sai ya tsaya cak, da ta farka ya dawo.

Duk wanda ya ga yarinya a wannan hali a unguwanninmu ya san abin da za a fara cewa. Aka ce iska ce. Aka cire ta daga makaranta, aka kai ta wajen wani malami mai ruƙiyya, aka yi ta hayaƙi da shafa man habbatus sauda. Malamin, bayan zama na uku, ya ce wa mahaifin: "Malam, addu'a za mu ci gaba da yi, amma ka haɗa da asibiti. Wannan bai yi mini kama da abin da na saba gani ba." Mahaifin ya yi niyya, hidimar Sallah ta cinye abin da ke hannunsa, motsin kuma ya fara raguwa. Zuwa Yuli ya tafi gaba ɗaya, aka yi hamdala, yarinyar ta koma aji.

Wannan fizge-fizgen yana da suna a likitance, koriyar Sydenham. Yana zuwa ne wata ɗaya zuwa shida bayan ciwon maƙogwaron, ya fi kama 'yan mata, kuma yakan tafi da kansa cikin makonni ko watanni ko an yi magani ko ba a yi ba. Shi kaɗai ya isa likita ya ce yaro na da zazzaɓin rumatik, ya nemi hoton zuciya, ya fara allurar kariya.

Oktoba da Nuwamba 2022: haki da kumburi

A Oktoba maƙogwaron ya sake ciwo, aka sake komawa kyamis. Farkon Nuwamba ta fara haki idan ta ɗebo ruwa, ga tari da dare. An ba ta maganin tari, daga baya aka ce asma ce. Sai ta daina iya kwanciya a miƙe, sai an jingina ta da filo uku. Ƙafafunta suka kumbura, ciki ya ɗaga, abinci ya fita ranta.

A wani babban asibitin gwamnati wata matashiyar likita ta ɗora abin sauraro a ƙirjinta, ta daɗe tana ji, ta sa aka juya ta gefen hagu ta sake ji. Akwai wani huci mai tsawo da ke bin kowane bugu, yana tafiya har hammata. Ta tambayi mahaifiyar tarihi tun daga farko, kuma a ranar ne karon farko da wani ya jera maƙogwaro, gaɓɓai, fizge-fizge da haki a takarda ɗaya. Ta rubuta takardar turawa. Asibitocin koyarwa biyu ne a jihar, Barau Dikko a cikin gari da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kuma ɗayansu aka kai ta.

Ga abin da aka samu ranar da aka kwantar da ita. Nauyi kilo 24. Zafin jiki 38.3. Bugun zuciya 132 a minti, numfashi 40. Iskar oksijin a jini kashi 93 cikin 100. Hanta ta sauko santimita 5 ƙasa da haƙarƙari. Gwajin ESR, mai nuna kumburin cikin jiki, ya kai 78. Gwajin ASO, mai nuna an yi fama da ƙwayar Streptococcus kwanan nan, ya hau sosai. Fitsari lafiya, wanda ya kawar da zargin ƙoda. Gwajin majina bai nuna tarin fuka ba. Hoton ƙirji ya nuna zuciya ta faɗaɗa, huhu ya tara ruwa. Hoton zuciya na eko ya nuna ƙofar mitral, wadda ke tsakanin ɗakunan hagu biyu na zuciya, ta yi kauri tana mayar da jini baya da yawa, ƙofar awota, mafitar jini zuwa jiki, tana ɗan yoyo, ɗakunan hagu biyu sun buɗe, amma ƙarfin matsawar zuciyar bai ragu ba.

Likitan zuciyar yara ya zaunar da iyayen ya yi musu bayani. Ƙwayar Streptococcus ta rukunin A tana kama maƙogwaro, tana yaɗuwa ta numfashi da tari, musamman inda yara ke kwana a cunkushe. Garkuwar jiki tana yaƙarta, amma a jikin wasu yara ƙalilan garkuwar takan rikice, ta far wa gaɓɓai, da wani sashe na ƙwaƙwalwa, da ƙofofin zuciya. Gaɓɓai da ƙwaƙwalwa sukan warke sarai. Ƙofar zuciya ita ce ke riƙe tabo. Ya ce musu su ɗauke ta kamar ƙyauren da damina ta kumbura, ya daina rufuwa daidai: duk bugun da zuciya ta yi, wani jinin sai ya koma inda ya fito, ya taru a huhu. Kuma duk lokacin da ƙwayar ta sake kama maƙogwaro, garkuwar za ta sake dukan ƙyauren nan.

Ma'aunin da aka bi wajen tabbatar da ciwon shi ne ƙa'idojin Jones, waɗanda likitan Amurka T. Duckett Jones ya tsara a 1944. Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta sabunta su a 2015, ta shigar da hoton eko, ta kuma sassauta sharuɗɗan ga wuraren da ciwon ya yi yawa, ta yadda kumburin gaɓa ɗaya tak ma zai iya zama babbar alama.

An sa mata oksijin, aka fara furosemid don fitar da ruwa, da sifironolakton, da enalafiril don rage wa zuciya nauyi, da firedinisolon na 'yan makonni saboda tsananin kumburin. An rage mata gishiri. An yi mata allurar benzatin fenisilin ta farko, yunit 600,000, wato rabin ta manya saboda nauyinta. Bayan kwana 16 aka sallame ta, bugun zuciya 96, kumburi ya saɓe, tana kwana da filo ɗaya. Umarnin da aka rubuta: allura duk kwana 28, ba fashi.

Disamba 2022 zuwa Yuli 2023: allurar da ta yi ta yankewa

Ta Disamba da ta Janairu an yi su a asibitin koyarwa. Kowace tana cin wuni guda: kati, layin likita, kantin magani, ɗakin allura. Wunin nan mahaifin ba ya aiki, balas kuma ba ya jira.

A Fabrairu ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira ya kai maƙura. Fasinja ba su da tsaba, masu POS suna cajin abin da suka ga dama, cinikin awara ya tsaya. Ta Fabrairu da ta Maris suka wuce. Yarinyar kuwa a ido lafiyarta ƙalau, tana wasa, kuma wannan ya sa jinkirin bai tayar wa kowa hankali ba.

A Afrilu mahaifin ya nemi a riƙa yi a kusa. A wata cibiyar lafiya ma'aikacin ya ƙi, ya ce ba ya yi wa kowa allurar fenisilin, ya ji labarin waɗanda suka faɗi a kanta, kuma ba shi da adirenalin, allurar gaggawa ta borin jiki, a ajiye. Daga nan aka je kyamis, inda aka ce akwai fenisilin, aka yi mata. Da aka nuna kwalbar a asibiti daga baya sai aka ga furoken fenisilin ce, wadda ke barin jiki cikin kwana guda. Benzatin ita ce ke zama a tsoka tana shiga jini a hankali har mako uku zuwa huɗu. Sunayen sun yi kama, aikin ya sha bamban.

An koma asibitin koyarwa a Mayu da Yuni. A nan wata matsalar ta fito, wadda ba a cika rubuta ta a fayil ba: zafi. Benzatin ruwa ne mai kauri kamar koko, yana toshe allura, kuma idan ya toshe sai an zare an sake soka. A ta Yuni sau uku aka soke ta, ta yi kwana biyu tana ɗingishi. Daga ranar, da ta ji an ambaci asibiti sai ta gudu gidan maƙwabta. Kakar ta sa baki: "Yarinya ta warke, ku bar azabtar da ita haka nan." Ga kuma kuɗin mota da ya ninka bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu. Sai aka koma ƙwayar fenisilin ta sha, sau biyu a rana. An sha ta mako biyu da kyau, sannan ta zama ta yau an sha gobe an manta, da ta ƙare ba a sake saye ba. Furosemid ma an rage shi a gida saboda yawan fitsarin dare.

Cikin allura 9 da ya kamata a yi a wannan tsakanin, 4 aka yi. Abin da ake nema shi ne aƙalla kashi 80 cikin 100.

Agusta da Satumba 2023: dawowar ciwon da maganar tiyata

A tsakiyar Agusta zazzaɓi ya dawo da ciwon gwiwa, kwana huɗu bayan haka haki. Wannan karon ba a tsaya kyamis ba. An kwantar da ita kwana 9. Nauyinta kilo 25, wato kilo ɗaya kacal ta ƙara cikin wata tara. Eko ya nuna yoyon mitral ya ƙaru, ɗakin hagu na ƙasa ya ƙara faɗi, hawan jinin huhu ya fara. Likitan ya ce a fara shirin tiyata.

An fara tiyatar buɗe zuciya a Najeriya tun 1974 a asibitin koyarwa na Enugu, amma har yau cibiyoyin da ke yin ta a kai a kai kaɗan ne, kuɗinta kuma miliyoyin naira. Cibiyar Salam da ke Khartoum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, tana yin irin wannan aiki kyauta ga marasa lafiya daga ƙasashen Afirka da dama, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 ya toshe wannan hanya. Iyalin sun kai takardu ga gidauniyoyi, an yi sanarwa a masallacin Juma'a, 'yan ƙungiyar masu keke sun yi karo-karo. Abin da aka tara bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Likitan ya kuma faɗa musu abin da ba su zata ba, cewa tiyatar ma ba ita ce ƙarshen magana ba. Idan an samu gyara ƙofar, to madalla, amma sabon zazzaɓi zai iya sake lalata ta. Idan aka sa ta ƙarfe, yarinyar za ta sha warfarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwarta, da gwajin jini a kai a kai, kuma maganin yana da haɗari ga ɗan tayi ranar da ta yi aure ta samu juna biyu. Ko an yi tiyata ko ba a yi ba, allurar tana nan. Tunda ƙarfin zuciyar bai faɗi ba, kuma ba a son yanka ana tsakiyar kumburi, ya ba da shawarar a ba ta wata shida ana allura duk kwana 21, a sake hoto, sannan a yanke hukunci.

Oktoba 2023: sabon tsari

Wata ma'aikaciyar jinya a sashen yara ce ta ɗauki lamarin a hannunta. Ta fara da tambayar mahaifiyar dalilin kowace allura da aka rasa, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da faɗa ba. Da ta gama ji ta ce: "Maman yarinya, ba sakaci ne ya kawo ku nan ba. Nisa ne, da zafi, da rashin maganin a kusa. Bari mu bi su ɗaya ɗaya."

Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma an daɗe ana aikin samar da cibiyar lafiya matakin farko a kowace. Sistar ta nemo wata ma'aikaciya a cibiyar da ba ta fi tafiyar minti goma da ƙafa daga gidansu ba, ta gayyato ta asibitin ta ga yadda ake allurar sau biyu, ta yi ta uku da hannunta. Likitan ya rubuta mata wasiƙa mai ɗauke da sunan maganin, adadinsa, da lambar wayar da za ta kira. Aka ajiye mata adirenalin. Mummunan bori na jiki ga fenisilin yana faruwa, amma da wuya ƙwarai, kuma yarinyar ta riga ta karɓi allurar sau da dama lafiya. Abin da aka fi kula da shi ga mai ciwon ƙofa mai tsanani shi ne faɗuwar hawan jini da suma saboda zafi ko tsoro, wanda Ƙungiyar Zuciya ta Amurka ta ja hankali a kansa a 2022. Saboda haka aka kafa doka: sai ta ci abinci ta sha ruwa kafin ta zo, a kwance za a yi mata, ta kuma zauna rabin awa kafin ta tafi.

Zafin ma an yi masa dabara. Aka koma dama garin maganin da lidoken, maganin kashe zafi, mai kashi 1 cikin 100 a madadin ruwan allura, abin da ke rage raɗaɗi sosai ba tare da rage ƙarfin maganin ba. Ana ɗumama sirinjin a tafin hannu, a canza allura bayan an zuƙo, a tura a hankali ba tsayawa, a kuma sauya gefe kowane zuwa. An bar yarinyar ta zaɓi gefen da za a fara da wanda zai riƙe mata hannu. Ta zaɓi kakarta, kuma tun daga ranar tsohuwar ta koma mai tuna wa kowa.

Kuɗin da aka tara don tiyata, da izinin waɗanda suka bayar, aka ware wani kaso aka sayi kwalabe shida a kantin magani mai rajista, ana cikawa idan sun rage biyu. Aka buɗe kati biyu, ɗaya a cibiyar ɗaya a gida. Kwana 21 yana da wani sauƙi da ba a lura da shi da farko ba: ranar ba ta canzawa. Aka tsayar da Alhamis, ranar da babu Islamiyya, kowace Alhamis ta uku bayan an taso daga boko. Ran Talata ma'aikaciyar takan kira wayar mahaifin.

An yi wa 'yan uwanta huɗu eko, duk lafiya. An koya wa mahaifiyar bambanta mura da ciwon maƙogwaro mai haɗari: zazzaɓi, zafin haɗiya, kaluluwa, farin ɗigo a maƙogwaro, babu tari babu majina. Da ƙaninta ya yi irinsa a Janairu 2024 an kai shi cibiyar a rana ta biyu, ya sha amoksisilin kwana 10 cikakku. An cire kwalin tagar aka sa raga, an raba shimfiɗar yaran biyu. An kai ta wajen likitan haƙori ya cike mata guda biyu, don ƙwayar cuta daga ruɓaɓɓen haƙori tana iya bin jini ta zauna a ƙofar da ta lalace.

2024 zuwa Satumba 2025: sakamako

Eko na Maris 2024 ya nuna yoyon yana nan da yawa, amma ɗakin hagu ya daina faɗaɗa, hawan jinin huhu ya sauka. Aka ɗage tiyata wata shida. A Yuni nauyinta ya kai kilo 30, aka mayar da allurar yunit miliyan 1.2. A Satumba aka rage furosemid zuwa rabi. Azumin 2024 ba ta yi ba bisa shawarar likita. Na 2025 ta yi wasu kwanaki, ban da ranar allura.

Daga Oktoba 2023 zuwa Satumba 2025 allura 35 ya kamata a yi, an yi duka 35. Guda 33 a kan rana ko cikin kwana uku, biyu sun makara da kusan mako: ɗaya saboda tafiyar Sallah, ɗaya saboda dokar hana fita da aka sa a Kaduna da Zariya a farkon Agusta 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa. Zazzaɓin bai dawo ba, ba a sake kwantar da ita ba.

A hoton Satumba 2025 yoyon mitral ya sauko zuwa matsakaici, girman ɗakin hagu ya kusa daidai da jikinta, ƙofar awota ba ta canza ba. An tsayar da furosemid, an bar enalafiril. Shekararta 13, nauyi kilo 36, tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare, tana zuwa da ƙafa.

Hukunci

Wata 11 aka yi tsakanin ciwon maƙogwaron farko da ranar da aka saurari ƙirjinta, kuma a ciki an samu dama uku. Ta farko ita ce mafi arha: fenisilin ko amoksisilin na kwana 10, ko allurar benzatin guda, idan aka fara cikin kwana 9 da soma ciwon, yana hana zazzaɓin rumatik tasowa a mafi yawan lokuta. Ta biyu, a Janairu 2022, ita ta fi ci mini rai, domin yarinyar ta shiga hannun ma'aikatan lafiya da alama bayyananniya, aka nemi maleriya da taifot da sikila, aka tsaya nan. Iyayen ba su yi jinkiri ba a wannan karon. Sun je, sun biya, sun bi abin da aka ce. Da an fara allura a watan nan, da wuya zazzaɓin Nuwamba ya same ta, kuma shi ne ya kai ta ga gazawar zuciya. A ta uku ban ga laifin neman addu'a ba, malamin ma shi ya fara cewa a je asibiti. Giɓin shi ne babu wanda ya san fizge-fizgen yaro na iya zama saƙo daga zuciya, har malaman makarantar da suka ga rubutunta yana lalacewa.

Shekarar farko ta magani ta gaza ne duk da cewa ganewar daidai ce, takardar maganin ma daidai. An miƙa wa iyali mai cin yau da na yau wani aiki na shekaru, aka bar su da shi su kaɗai. Ƙwayar sha ba ta maye gurbin allura ba, domin ko an sha ta da kyau kariyarta ba ta kai ta allura ba, balle an riƙa tsallakewa. Neman kuɗin tiyata ya ci watanni biyu da ƙarfin mutane da yawa, kuma amfaninsa na zahiri shi ne kwalaben da aka saya da kason kuɗin.

Abin da ya yi aiki tsohon magani ne mai sauƙin kuɗi, wanda aka kawo kusa da gida, aka rage masa zafi, aka ɗora alhakinsa a kan mutum ɗaya mai kati da waya. Dalilin a fili yake: tabon ƙofa yana ƙaruwa ne da kowane sabon zazzaɓi, idan aka hana shi dawowa kumburi yakan sauka, zuciyar yaro mai girma ta samu sarari, yoyon ma yakan ragu. Gwajin GOAL da aka yi a arewacin Uganda ya nuna haka ga yaran da ciwon bai bayyana a jikinsu ba tukuna: cikin shekara biyu ya ci gaba a kashi 0.8 cikin 100 na masu karɓar allura duk mako huɗu, da kashi 8.2 na waɗanda ba sa karɓa. Binciken REMEDY, wanda ya bi marasa lafiya 3,343 a ƙasashen Afirka 12 har da Najeriya, da Indiya da Yaman, ya samu kusan rabinsu ba sa kan allurar kariya, kuma kusan kashi 17 cikin 100 sun rasu cikin shekara biyu. Ciwon yana kashe sama da mutum 300,000 a duniya duk shekara, abin da ya sa Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kansa a 2018. Dole a faɗi kuma cewa ta yi sa'a ƙarfin zuciyarta bai faɗi ba kafin a gyara tsarin. Yara da yawa da suka kai matakin da ta kai a Agusta 2023 allura ba ta isar musu, sai tiyata.

Ba ta warke ba. Ƙofar tana da tabo, kuma tabon na iya tsukewa nan da shekaru ya hana jini wucewa, don haka eko duk wata shida zuwa shekara ba zai tsaya ba, tiyata kuma ba a cire ta daga lissafi ba. Mai irin ciwonta yana ci gaba da allura har ya kai shekara 40 da haihuwa, wasu har iya rayuwa. Likitan ya riga ya gaya wa iyayen cewa kafin maganar aure sai an zauna da shi, domin juna biyu yana ƙara wa zuciya aiki sosai, enalafiril kuma ba a shan sa da ciki. Tsarin kansa a kan ma'aikaciya ɗaya yake tsaye, kuma ana iya yi mata canjin wurin aiki kowane lokaci, shi ya sa aka fara koya wa ta biyu. An yi lissafin kuɗin karo-karon zai ƙare a tsakiyar 2026, kuma ana ƙoƙarin shigar da yarinyar tsarin inshorar lafiya na jiha kafin lokacin. An tsara cewa a hoton Maris 2026 ne za a duba ko za a mayar da allurar kwana 28 ko a bar ta a 21.